Tafintan da Na Yi wa Malam Audu

Rano, daren Talata, 12 ga Sha'aban

Na kasa cin tuwo. Yau Baturen duba injuna ya zo daga Kano kan maganar Malam Audu, wanda injinmu na ɓare gyaɗa ya cinye wa yatsu uku. Da yake ni ne akawu, ni aka sa tafinta.

Malam Audu ya ce, "Malam Garba, gaya masa tun farkon kaka aka cire murfin bel ɗin da ke juya injin, wai yana rage sauri."

Na ɗaga kai, sai na ga maigidanmu mai injin ya kafe ni da ido. Tsoron kora ya kama ni. Na ce wa Bature Audu ne ya cire murfin da kansa. Ya rubuta, ya ce da Turanci ashe babu diyya.

Da la'asar Malam Audu ya tare ni zai koma ƙauyensu Lausu, hannu a naɗe. Bai san me aka rubuta ba. Ya ce, "Ƙanena, yau ka tsaya mini. Allah ya yi maka yadda ka yi mini."

Mutane na tsaye suna ji. Dole na ce amin.