Lissafin Ranar Asabar

Yola.

Zuwa ga Adda Huseina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwar? Yaya damina a Damare? Allah ya sa masarar ta yi kyau.

Adda, raina a ɓace nake rubuto miki. Kin san tun da muka rabu da Hajja ta auri Mele, ba na ganin 'yata Latifa sai ranar Asabar, da sunan koya mata lissafi. Ɗebewa ke ba ta wuya, ni kuwa har godiya nake yi wa Allah, don wuyar nan ce ke kai ni Jimeta.

To, Asabar ɗin nan na rubuta mata saba'in da biyu a ɗebe talatin da takwas. Ban gama gyara zama ba ta ce talatin da huɗu, ko fensir ba ta taɓa ba. Wai Baba Mele ne ya nuna mata ta ƙara biyu a ƙasa ya cika arba'in, ta ƙara biyu a sama, sai ta cire arba'in daga saba'in da huɗu da ka. Ba aro, ba soke lamba. Tana faɗa tana dariya, irin dariyar da aron nawa bai taɓa samo mini ba.

Na ce mata lissafin malalata ne. Amma a keke, har muka iso Yola ina gwada hanyar da lambobin motoci, ina neman inda za ta kuskure. Ta ƙi kuskurewa. Mutumin nan yana cin abinci da 'yata kullum, ɗan abin da ya rage mini ma sai da ya sa hannu. Hajja har ta fara cewa tun da yarinya ta iya, in daina wahalar da kaina.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Hamman

Yola.

Adda Huseina,

Bayan gaisuwa, na ga saƙonki, na kuma ji faɗan. Na koma Jimeta kamar yadda kika ce.

Wannan karon Latifa ta ɗauki fensir, ta yi aro ta manta ba ta rage lambar kusa ba, ta goge, ta sake ɓatawa. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji. Ina cikin yi mata bayani sai na lura da bakinta. Kafin ta sa fensir a takarda, leɓenta ya riga ya faɗi amsar daidai. Da gangan take ɓatawa, Adda.

Da zan tafi ta ɗaga murya ta ce wa uwarta, "Dada, har yanzu ban iya ba. Sai Baba ya dawo Asabar."

Hajja ta dubi Mele, wanda ke zaune a kan tabarma, ya kuma fi kowa sanin ƙarya yarinyar ke yi. Bai ko ɗago kai ba ya ce gaskiya ne, da sauranta.

Ga inda nake, Adda. Zan ci gaba da ganin 'yata, amma da alfarmarsa. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

A gaida yara.

Ƙaninki,
Hamman