Taƙin Goggo Harira

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024
Ajin manya ya koma yau, mata goma sha ɗaya a zauren nan na Unguwar Sarki. Shekara talatin da biyu ina koyar da lissafi a firamare, na yi ritaya wai in huta, ga ni kuma da alli a hannu.

Akwai sabuwa, Goggo Harira, tsohuwar maɗinkiya. Ta ce ita ba boko ya kawo ta ba, tef ɗin awo kawai za a koya mata. Jikarta Khadija tana Fatakwal, shekara uku ba ta sa ta a ido ba, uwar yarinyar, surukar Goggo, ta waya take turo awo. Rigar Sallar bara ta matse. Surukar ta ce in aka sake haka bana, tela za ta kai wa.

Laraba, 7 ga Fabrairu
Na tambaye ta da me take awo duk shekarun nan. Ta ware babban yatsa da na tsakiya, ta ce taƙi. Na ce wannan ba awo ba ne.

Haka Inna take yi a gidanmu na Kawo. Ta tsayar da ni a tabarma, hannunta ya bi bayana yana tafiya, da sanyin ruwan wanke-wanke, ina ta dariya tana cewa in tsaya mana.

Laraba, 14 ga Fabrairu
Na gano inda matsalar take. Goggo naɗe bakin tef take yi, ta fara daga ɗaya. Shi ya sa kowane awo yake rasa inci guda. Na nuna mata daga sifili ake farawa. Ta ce, "Malama, wa ya taɓa fara ƙirga daga babu?" Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi, har da buga tebur.

Litinin, 19 ga Fabrairu
Ba ta zo ba.

Laraba, 21 ga Fabrairu
Yau ma. Raina ba daɗi.

Ina aji ɗaya na sakandare na dawo hutu da tef a jaka. A gaban baƙi na ce wa Inna awonta na jahilai ne. Ta ci gaba da taka keken ɗinkinta. Daga ranar ba ta ƙara auna ni ba, sai dai ta ce in rubuto mata. Har ta rasu ban ba ta haƙuri ba. Kullum ina cewa sai an samu lokaci.

Asabar, 24 ga Fabrairu
Na je gidan Goggo da hantsi. Atamfar rigar Sallar Khadija tana ninke a kan keke, ta kasa sa mata almakashi. Ta ce, "Da yarinyar na gabana, Malama, ko ido rufe."

Na ce ta ware yatsunta a kan tef. Inci bakwai cif. Muka sake har sau biyar, bakwai ne. Ƙirjin Khadija ashirin da takwas, na ce taƙi nawa ke nan? Ta ɗan motsa baki, ta ce huɗu. Tsawo talatin da biyar? "Biyar mana." Matar da nake cewa ba ta san lissafin sau ba!

Ta dube ni. "Ashe hannuna ma yana da lamba."

Alhamis, 11 ga Afrilu
Washegarin Sallah. Goggo ta shigo min gida a Malali da waya a hannu, ko zama ba ta yi ba. Khadija ce a hoto, riga ta zauna ɗas. Wai surukar ta ce a ɗinko wa ƙanwar ma.

Lahadi, 14 ga Afrilu
Na ciro rigar ƙarshe da Inna ta auna ni ta ɗinka, daga ƙasan akwati. Har yanzu da ɗan ƙamshin turarenta, ko ni ce nake jin haka. Na shimfiɗa ta a gado, na bi kafaɗar da hannuna. Taƙi biyu, ba ragi ba ƙari. Ashe hannunmu ɗaya.

Tef yana kan tebur, ban ɗauko ba.

Gobe da taƙi zan fara wa sababbin ɗalibai. Don ya fi musu sauƙi ne kawai.