Rahila ba ta yi kuka ba

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aikin bariki, yaya iyali? Mu nan Zuru lafiya.

Ran Lahadi muka kalli wani fim a gidan maƙwabta, na saurayi da budurwa masu ciwon ajali. Mata sai kuka muke, amma 'yarka Rahila ko ƙwalla. Da aka nuna ana ƙara wa yarinyar jini, sai Rahila ta ce, "Ƙarya ne, ba nan ake soka allurar ba."

A ina ta sani, Yaya? Duk Laraba takan ce za ta Dabai koyon waƙar coci. Jiya na tambayi mai koyarwar, ya ce bai taɓa ganinta ba.

Ka gai da yara, ka sa mu a addu'a. Larabar nan zan bi bayanta.

Ƙanwarka,
Talatu