Ƙwayar Baba Ba Ta Haɗiya Ba Ce

Auta,

Na tafi gareji, kina ta sharar barci ban tashe ki ba.

Na gano abin da ya sa numfashin Baba ya ƙi daidaita. Ɗazu na kama shi da kofin ruwa zai haɗiye ƙwayar nan ta shaƙa. Ashe tun da aka sauya masa magani haka yake yi! Wai maganin da bai sauka ciki ba wasan yara ne. Na ce Baba, huhu ke ciwo, kai tumbi kake yi wa magani? Ya ce in fita masa daga ɗaki, shi ya haife ni.

Ban fita ba. Na sa ƙwayar a 'yar na'urarta, na danna ta huje, ya zuƙa sosai ya riƙe numfashi, yadda likita ta nuna mana. Yana yi yana hararata. Zan biya in gaya wa likitar.

To ki ji: ya shaƙi ta yau. Sau ɗaya ce a rana, ko ya rantse kar ki ƙara. In numfashi ya sarƙe masa, ba ita ce ta gaggawa ba, shuɗin feshin da ke gefen gadonsa za ki ba shi. In bai lafa ba, asibiti, ki kira ni a hanya.

Kwalin ƙwayoyin yana saman firji, inda hannunsa ba ya kai. Naki ma ba ya kai, na ajiye miki kujera.

Yayanki