Ruwan Tsiron Inna Ya Ƙi Fita Garau

Assalamu alaikum Anti Kausar,

Don Allah ki taimake ni, kuma kada ki yi mini dariya. Na san manyan matsaloli ake kawo miki, ni kuwa a kan tukunya nake kuka.

Ni ɗaliba ce a Kuala Lumpur, muna zaune a Sri Petaling da maigidana Abdurrahim. Mahaifiyata, Inna Ɗelu, ta rasu bara a Kaltungo ana tsakiyar kullen korona. Babu jirgi, babu hanya. A waya na karɓi gaisuwa ina kallon bango.

Inna tana da wani abin sha da muke kira ruwan tsiro. A wajen maƙwabtanmu masu dafa giyar fito ta koya, sai dai nata a ranar ake shanyewa, ba ta bari ya kwana balle ya tsima. Dawa take jiƙawa ta tsira, ta shanya, ta ɓarza, ta dafa. Yana fitowa ja garau kamar shayin da ba madara, kana hango gindin kofi. Da shi muke buɗa-baki duk azumi tun ina ƙarama.

Ga azumi ya matso, ni kuma na ƙwallafa rai. Na samo dawa a wani kedai, wato shago, na Indiyawa, na tsirar da ita a baranda, na niƙa a bilenda, na dafa, na zuba a tsumma na matse da iya ƙarfina kamar yadda ake tatar gasara. Anti, ruwan wankin shinkafa ya fi abin da ya fito kyan gani. Na ajiye ko zai kwanta, washegari na tarar yana kumfa yana tsami. Abdurrahim ya ce in zubar in haƙura, kada maƙwabta su ji wari su ce 'yan Najeriya na dafa giya a bene. Na san gaskiyarsa, amma ranar wuni na yi ban kula shi ba. Shi bai taɓa shan na Inna ba. Muna aure muka taho, muna ta cewa sai mun koma.

Ni sha kawai na iya. Abin da nake tunawa, tana daka karan kuɓewa a gefe, ban taɓa tambayar na mene ne ba. Mutum ɗaya ta rage da ta sani, ƙanwarta Yafendo Hajjo. Amma muryarsu ɗaya ce sak. Ta kira ni bayan rasuwar, tana yin sallama na kashe wayar. Tun daga ranar saƙo kawai nake tura mata, ita kuma ba ta iya karatu ba, sai ta nemi mai karanta mata.

Ina kewar Inna, Anti. Kofi ɗaya kawai nake so ya fito irin nata. Me zan yi?

'Yar Ɗelu, Sri Petaling

Wa alaikumus salam 'Yar Ɗelu,

Allah ya ji ƙan Inna, ya kai haske kabarinta. Ban yi dariya ba, sai a wajen bilenda.

Mu fara da tukunya. Hannunki hannun mai kunu ne, shi ya cuce ki. Gasara ana matse ta don garin ake so, a nan kuwa garin ake gudu. Ɓarza tsiron za ki yi sama-sama, bayan kin murje saiwoyin da 'yan kawunan kin sheƙe su, don ɗaci suke kawowa kuma ba su da kyau a ciki. In kin zuba a tsumma ki rataye ya ɗiga da kansa. Na farkon da ya fito a dagule ki mayar ciki ya sake bi. Karan kuɓewar nan ba ado ba ne, yauƙinsa ke jan ƙurar gari zuwa ƙasa. In ba kara, ki sayi ɗanyar kuɓewa a kasuwar Chow Kit, ki yanka kaɗan ki jiƙa, ki yi aiki da ruwan. Launi kuwa, ina zargin farar dawa kika saya. Ki nemi ja. In ta gagara, ki soya tafin hannu guda na busasshen tsiro a kasko ba mai har ya yi ƙamshi, ki haɗa, ki bar tacaccen ruwan ya daɗe yana tafasa.

Maigidanki yana da gaskiya. Zafin garinku ba ya jira, ruwan hatsi mai zaƙi in ya kwana a waje hanyar giya ya kama. Ki huce shi da wuri, ki sa a firji, a shanye a ranar, wanda ya yi kumfa kuma a zubar. Amma shi ma bai kyauta ba da ya ce ki haƙura gaba ɗaya. Ki gaya masa abin da kika gaya mini, don ƙila tukunya kawai yake gani.

Yanzu ga wadda ba za ki so ji ba. Duk abin da na faɗa miki na kowa ne. Yawan ruwan Inna, da lokacin da take saukewa, ban san su ba, Hajjo ce ta sani. Ke uwa kika rasa, ita kuma yayarta, ga 'yar da aka bar mata ta ƙi jin muryarta. Wataƙila tana can tana lissafin laifin da ta yi miki. Tsofaffi kuma ba sa jiran a buɗe filin jirgi, ke kin fi ni sani.

Ki jiƙa dawa, ki kira ta. Ba sai kin nemi wata doguwar magana ba, ki tambaye ta karan kuɓewa. Za ki yi kuka, ita ma za ta yi, kada ki kashe wayar. Muryar da kike gudu ita ce kaɗai abin Inna da ya rage wanda zai iya amsa miki.

Allah ya kai mu azumi lafiya, ya ɗauke mana wannan annoba. In ya fito ja garau, kofin farko na Abdurrahim ne.

Taki,
Anti Kausar