Kujerar da na hana Kawu

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, akwai waɗanda za su gane ni a nan. Shawararku nake nema, abin nan ya hana ni sukuni tun bazara, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni mace ce, ina aiki a wani kamfanin harkar kuɗi a Manhattan. Ina 'yar sakandare mahaifina ya rasu a Kano, ƙanin mahaifiyata ya ɗauko ni ya kawo ni nan, shi da matarsa Anti Balaraba suka riƙe ni a ɗan gidansu na haya a unguwar Highbridge har na gama jami'a. Ba su taɓa haihuwa ba, ni ce 'yarsu, duk wanda ya san su ya san haka.

Kawu a garejin ajiye motoci yake aiki, kusa da filin da ake wasan hoki na ƙanƙara. Na san wasu za su yi dariya, me ya haɗa Bakano da wasan ƙanƙara, ai mu ma dariyar muke masa a gida. Wani tsohon Bature da suka yi aiki tare ne ya koya masa, kullum rediyo a kunne a ɗan ɗakin garejin, tun yana jin surutu ne kawai har ya fara gane abin da ake yi, har ya zo ya fi mai koya masan zaƙewa. Da can da tikiti ke da sauƙi yakan shiga, can sama kusa da rufi inda talakawa ke zama, direbobin bas, masu gyaran famfo, 'yan kwana-kwana, duk sun san shi suna kiran sunansa, ya dawo gida murya ta dishe Anti tana masa tsiya tana dafa masa citta. Daga baya tikitin ya fi ƙarfin irinsu, ya koma rediyo da talabijin. Abin da ya fi ƙona masa rai su ne waɗanda yake kira masu kwat, mutanen da kamfanoni ke saya wa kujerun ƙasa na jikin gilashin da ya kewaye filin. Ya san su sarai tunda shi ke karɓar motocinsu, ya ce sai an yi nisa da wasa suke zuwa, kafin a tashi sun fito suna neman mukulli, idan ya tambaye su waye ya ci sai su kalli juna. Yakan ce Allah Ya ba su kujera bai ba su ido ba.

To ni yanzu ina cikin masu kwat ɗin. Kamfaninmu na da irin waɗannan kujeru, muna kai kastomomi, gaskiya ba kallo ake zuwa yi ba, a ci nama a yi hirar kasuwanci a ɗauki hoto. Ban taɓa faɗa wa Kawu ina zuwa ba, kunya nake ji.

A bazarar nan kulob ɗin da Kawu ke goyon baya ya kai wasannin ƙarshe na neman kofi, gari duk ya ɗauka. Sai ogana ya kira ni ya ba ni tikiti biyu na layin farko, ya ce kastoman da aka tanadar wa ya fasa, in zo da duk wanda nake so. Ko ofis ban fita ba na kira Kawu. Sai na ji ya ce, «Jikin gilashi fa kika ce? Ni?» Ya yi ta sa min albarka har na ce ya isa haka Kawu. Ya nemi wani ya riƙe masa aikin ranar, Anti ta wanke masa tsohuwar jesinsa ta goge, ya faɗa a masallaci, ya faɗa a shagon askin wani ɗan Ghana da suke taruwa kallo, ya ce su buɗe ido da kyau za su gan shi a talabijin.

Ranar wasan da safe oga ya leƙo ya ce kastoman nan ashe yana gari, wataƙila ya zo. A nan ne laifina yake, kuma ba zan ɗora wa oga ba, don da bakinsa ya ce idan na riga na yi wa wani alkawari babu komai, zai nema wa mutumin wata kujerar. Ni ce na ce a'a, babu kowa. A lokacin ana maganar ƙarin girma a ofis, sai kawai na hango Kawu a raina da koɗaɗɗiyar jesinsa yana tsalle yana dukan gilashi yana ihu da Hausa a gaban manyanmu. Mutumin da ya yi shekaru yana tsaye cikin sanyi don in yi karatu, shi na ji kunyar a gan ni da shi. Na shiga banɗaki na kira shi na ce kamfani ya janye tikitin gaba ɗaya, ni ma ba zan je ba. Bai tambaye ni komai ba, cewa ya yi Allah bai nufa ba, kada in sa damuwa a raina, shi yake ba ni haƙuri ma.

Na je, na zauna, kastoma bai zo ba. Ana tsakiyar wasa ya turo saƙo wai cin abinci ya riƙe shi. Haka kujerar nan ta zauna babu kowa a gefena daga farko har ƙarshe, na ɗora jakata a kai. Mutanen sama kuwa kamar za su rushe ginin, wani lokaci ma mu suke wa ihu, wai mu tashi tsaye mu daina danna waya. Da aka ci ƙwallon da ta raba gardama ni kaina a waya nake, sai girgizar wurin na ji. Abin da ban sani ba, wurin da muke kyamara na yawan haskawa.

Washegari Anti ta kira ni, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce jan mayafin nan ya yi miki kyau jiya. Ta ce tunda Kawu ya riga ya ɗauki hutu sai ya sa jesinsa ya tafi shagon aski, wurin cike, ana ta tsokanarsa wai ina jikin gilashin. Sai ga ni an hasko, ba sau ɗaya ba, ga kujera babu kowa sai jaka. Wani ya ce Malam wannan ba 'yarka ba ce? Matar mai shagon ce ta ba Anti labari, ta ce Kawu ya daɗe yana kallon talabijin ɗin, sannan ya ce ba ita ba ce, kama ce kawai, tawa 'yar tana ofis aiki ya riƙe ta. Ya zauna har aka tashi, ya yi murna da kowa, ya dawo gida bai ci abinci ba. Anti ta yi min faɗa sosai, ta ce ba rashin zuwan ne ya dame ta ba, ƙaryar ce, kuma na sa dattijo ya yi ƙarya a gaban mutane don ya rufa min asiri. Amma ta ce kada in kuskura in tayar masa da maganar, tunda ya zaɓi ya rufe to in bar masa rufinsa, idan na buɗe kamar na ce masa na san ya yi ƙarya ne.

Tun daga nan bai canza min fuska ba, in na je zai tare ni da fara'a, ya tambayi aiki, da aka yi min ƙarin girman ma har da rabon goro a masallaci. Abu ɗaya ne ya daina, da duk ranar da aka yi wasa sai ya kira ni ya ba ni labari ko ina so ko ba na so, yanzu ko sau ɗaya. Gwiwoyinsa kuma sun matsa masa, ya ajiye magana zai bar aiki su koma Kano gaba ɗaya kafin sanyi ya yi tsanani. An kusa fara sabuwar kakar wasa, oga ya ce kujerun na nan duk ranar da nake so. Ƙawata ta ce in durƙusa in faɗa masa gaskiya in nemi yafiya kafin ya hau jirgi, rai ba a hannunmu yake ba. Anti ta ce in yi shiru. Ni kuma ina tunanin in na kai shi kujerar nan zai gane ta, zai zauna a inda jakata ta zauna, in kuma na saya mana ta sama kamar na ce masa can ne matsayinsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaishe su, ya rako ni tashar bas yana ɗingishi duk da na ce ya zauna. Muna tsaye muna hirar kayan da za su tura gida, sai ya ce, «Wai da gaske ne idan mutum ya zauna a ƙasan nan har a ƙafarsa yake jin sanyin ƙanƙarar?» Ban yi tunani ba na ce, «Sosai ma Kawu, har cikin takalmi.» Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa. Bai kalle ni ba, ya gyaɗa kai ya ce, «Haka nake ji ana faɗa.» Bas ta zo ya ce in gaida gida.

Na kasa gane tambayar nan, ƙofa ya buɗe min in shigo in nemi gafara, ko kuwa yana nuna min ne ya sani kuma ya wuce wurin? Don Allah ku ba ni shawara, musamman iyaye da ke cikin zauren nan. In da 'yarku ce ta yi muku haka, za ku fi so ta zo ta faɗa da bakinta, ko ta bar muku rufin da kuka yi mata? Zagi ma na karɓa, na san na cancanta, amma ku haɗa min da abin da zan yi kafin su tafi.