Abin da Ke Cikin Shafin Riga

Litinin, 2 ga Maris
Riguna sittin na ɗinka wa mayaƙanmu, kowace da farar kurciya a ƙirji. Yatsuna duk sun kumbura. Tun da aka kashe Maigida, matarsa Gimbiya Ismay ke riƙe da gida da mayaƙa, kuma ta rantse sai ɗanta Lambert ya hau gadon sarautar da ɗan baffanta ya ƙwace. Mijina Hamo na cikin maharban da za su bi shi. Gimbiya ba ta iya cin abinci, ni ma haka.

Alhamis, 5 ga Maris
Mai kawo kifin azumi ya ce a yaƙin mashigar kogi, mayaƙan ɗan baffan Gimbiya, masu alamar jan kyarkeci, ba su tambayi sunan kowa ba. Ƙirji kawai suke dubawa. Kurciya, sara. Ashe da hannuna nake nuna musu inda za su soki Hamo.

Lahadi, 8 ga Maris
Na aikata, Allah Ya yafe mini. Na ɗinka kyarkeci a cikin shafin rigarsa. Na ce in an ci su, ya juya ta. Ya ce, "Haba Abis, miji kike aure ko fanke?" Ya yi dariya, amma bai farke ba.

Talata, 10 ga Maris
Gimbiya ta duba mayaƙa a tsakar gida. Bara ta sa an rataye wani a kan irin abin da na aikata. Ta dafa ƙirjin Hamo, ta ce ɗinkin ya yi kauri.

Laraba, 11 ga Maris
Shiru. Shirun ya fi kashe ni.

Juma'a, 13 ga Maris
An kawo mini rigar Lambert in rage hannu. Na ji tudu a shafin. Na leƙa: kyarkeci, a karkace, da ɗigon jini inda allura ta soki mai ɗinkin. Na san hannun. Shekara goma ina warware wa Gimbiya irin wannan ɓarna.

Sai ga ta a bakin ƙofa. Ta ce, "Hannun kawai na ce, Abis."

Bakina ya riga ni. "Ranki ya daɗe, ɗinkin nan ba zai kai kogi ba."

Ta dubi shafin rigar. Sannan ta ce, "To, ki ƙarfafa shi."

Na ƙarfafa, layi biyu, kamar na Hamo. Gobe za su tashi. Kullum ina cewa tsoronta ne ke hana ni sakat. Yau na ga ita ma tsoro take ji, kuma wallahi na gwammace tsoron jiya.